Babi na Bakwai: Wa Ke Riƙe da Makulli?

Akwai wata fahimta da ta zauna a zukatan mutane da yawa game da buɗaɗɗiyar manhaja, wato manhajar da aka bar rubutunta na asali a fili, kowa na iya karantawa, ya kwafa, ya gyara, ya rarraba ba tare da neman izinin kowa ba. Fahimtar ita ce, tunda abin ba shi da mai shi, to ba shi da shugaba ke nan. Jama'a ce kawai ta taru daga ko'ina cikin duniya, kowa ya kawo abin da ya iya, aiki ya haɗu da kansa. Zancen yana da daɗin ji, amma ba haka abin yake ba. A kowace irin wannan manhaja akwai wani mutum, ko wasu mutane ƙidayayyu, da ke da ikon cewa wannan gyara ya shiga, wancan bai shiga ba, kuma su ne ke sa hannu a kan abin da za a fitar wa duniya da sunan aikin. Kowa na iya kawo gyara, amma ba kowa ke riƙe da makullin ma'ajiya ba. Abin da wannan babi ke son tabbatarwa shi ne lasisi shi kaɗai ba ya raya manhaja. Abin da ke raya ta shi ne a samu amsa a rubuce, wadda kowa zai iya karantawa, ga tambayoyi uku: wa ake ba makulli kuma ta wace hanya, yaya ake yanke hukunci idan masu makulli sun saɓa, sannan ta yaya iko ke barin hannun wanda ya riƙe shi. Ƙungiyar da ta amsa waɗannan tun da sauran lafiya takan rayu bayan waɗanda suka kafa ta. Wadda ta bar su sai ranar rikici takan amsa su cikin fushi da gaggawa.

Kafin a je ga misalai, ya kamata a gane abin da ake tsarewa. Masaniyar nan Ba'amurkiya, Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta shafe shekaru tana nazarin yadda al'ummomi ke kula da dukiyar da suka yi tarayya a kanta, kamar makiyaya da dazuzzuka da ruwan ban-ruwa da wuraren kamun kifi. A littafinta na 1990 ta nuna cewa al'ummomin da dukiyarsu ta ɗore suna da wasu siffofi iri ɗaya, kuma ta farko ita ce an san iyaka, an san wanda ke ciki da wanda ke waje. Mai karatu zai iya cewa ai manhaja ba kifi ba ce, kwafarta ba ta rage ta, ko mutum miliyan ya ɗiba tana nan yadda take. Gaskiya ne. Amma akwai abubuwa biyu a cikin aikin da ke ƙarewa. Na farko lokacin masu duba gyare-gyare ne, domin ba su da yawa kuma akasarinsu aikin sa kai suke yi. Na biyu, wanda ya fi girma, amana ce. Duk kwamfutar da ke sabunta kanta daga wata ma'ajiya ta miƙa wa masu wannan ma'ajiya cikakken iko a kanta. Abin da suka sa wa hannu shi za ta sauke ta girka, ba tare da mai ita ya karanta ko layi ɗaya ba. Mutum ɗaya mai mugun nufi da ya sami makulli zai iya cinye amanar da aka yi shekaru talatin ana tarawa. Lasisi yana kare 'yancin kwafa da gyara, amma ba ya cewa komai game da wanda ya cancanci a amince da sa hannunsa.

Babu inda aka ɗauki wannan magana da muhimmanci kamar a Debian, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta wadda Ian Murdock ya sanar da kafuwarta a watan Agustan 1993, lokacin yana ɗalibi a jami'ar Purdue a Amurka. A yau Debian na ɗauke da ƙunshin manhajoji sama da 60,000, kuma a kanta aka gina Ubuntu da Kali da manhajar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi. Ba ta da kamfanin da ya mallake ta. Murdock ya bar shugabanci a 1996, kuma cikin shekaru biyu da suka biyo baya ƙungiyar ta rubuta takardu biyu da har yau take tafiya a kansu. A 1997, zamanin shugabancin Bruce Perens, aka amince da yarjejeniyar da Debian ta ɗaukar wa jama'a, wadda a ciki ta yi alkawarin zama manhaja mai 'yanci, da cewa ba za ta ɓoye matsalolinta ba. A watan Disamban 1998 kuma aka amince da kundin tsarin mulki wanda Ian Jackson ya tsara. Kundin ya raba iko ta yadda ba zai taru a hannu ɗaya ba. Ana zaɓen shugaba duk shekara, amma ikonsa kaɗan ne. Kowane mamba shi ke da ta cewa a kan aikin da yake kula da shi. Idan mambobi biyu sun saɓa a kan lamarin fasaha, akwai kwamitin fasaha mai kujeru har takwas, wanda ba zai iya soke hukuncin mai kula da aiki ba sai da rinjayen uku bisa huɗu. Sama da kowa akwai taron mambobi, kusan mutum dubu, waɗanda ta hanyar ƙuri'a za su iya tsige shugaba, su soke hukuncin kwamitin fasaha da rinjayen biyu bisa uku, ko su gyara kundin da rinjayen uku bisa huɗu. Kuma tun a farkon kundin aka bayyana cewa ba a tilasta wa kowa yin wani aiki. Abin da aka hana shi ne mutum ya yi wa hukuncin da aka yanke bisa ƙa'ida zagon ƙasa.

Tunda ƙuri'ar mamba tana da wannan nauyi, kuma makullinsa na buɗe ma'ajiyar da kwamfutoci bila adadin ke dogaro da ita, shiga ba ta zama abin wasa ba. Mai neman zama mamba sai ya riga ya yi aiki a fili na wani lokaci, yana aiko da gyare-gyare ta hannun wani tsohon mamba da zai duba ya sa hannu a madadinsa. Daga nan sai wanda ya san aikinsa ya tsaya masa, ya rubuta shaida a kansa. Sai a haɗa shi da wani mai jarrabawa da zai tambaye shi a kan manufofin ƙungiyar da ƙa'idojinta, ya kuma gwada ƙwarewarsa. Sai a tabbatar da cewa makullinsa na sirri, wanda zai riƙa sa hannu da shi, nasa ne da gaske, kuma a al'ada hakan na nufin ya haɗu ido da ido da wasu mambobi, su duba takardar shaidarsa, su sa hannu a kan makullin. Hukunci na ƙarshe yana hannun wasu wakilai masu kula da rajistar mambobi. A nan akwai wata hikima da ta cancanci a tsaya a kanta: kundin ya hana shugaba shigar da mamba ko korar mamba da kansa. Shi ke naɗa wakilan, amma hukuncin nasu ne. Dalili a bayyane yake. Shugaban da ke iya zaɓen waɗanda za su zaɓe shi, ya kuma kori masu sukarsa, ya gama da zaɓen tun kafin a kaɗa ƙuri'a. Waɗanda suka rubuta wannan sashe masu rubuta manhaja ne, amma sun fahimci abin da 'yan siyasa da yawa suka sani sarai suke take shi.

Suka ta farko da ake yi wa wannan tsari ita ce, ya saɓa wa ruhin abin. An ce manhaja ta kowa ce, sai ga shi an gina ƙofa an sa masu gadi. Kuma ƙofar ba ta yi wa kowa faɗi ɗaya ba. Matashin da ke Jamus ko Faransa zai iya hawa jirgin ƙasa ya tarar da mambobi a gari na gaba, amma wanda ke Kano ko Damagaram zai iya rasa mamba ko ɗaya da zai kai gare shi ba tare da biza da kuɗin jirgin sama ba. Ga Turanci da ake yin komai da shi, ga lokacin da mai neman abincin yau ba shi da shi. Wannan suka gaskiya ce, kuma bai kamata a rufe ta da daɗin baki ba. Sai dai maganin da ake kawowa, wato a cire ƙofar gaba ɗaya, ba ya warkar da ciwon. Jo Freeman, 'yar gwagwarmayar 'yancin mata a Amurka, ta yi bayani tun a farkon shekarun 1970 cewa ƙungiyar da ta ce ba ta da tsari ba ta rasa shugabanni, abin da take rasawa shi ne hanyar tuhumarsu. Iko yakan koma hannun 'yan tsirarun abokai da suka san juna, kuma tunda a hukumance babu su, babu mai iya tambayarsu. Baƙo daga nesa shi ya fi kowa cutuwa a irin wannan wuri, domin ba ya cikin abokan, kuma babu takardar da zai ɗaga ya ce na cika sharaɗi. Ƙofar da aka rubuta ƙa'idarta ana iya ganin inda ta matse, a faɗaɗa ta. Haka kuwa aka yi. A 2007 Debian ta ƙirƙiro matsayi na tsakiya, wanda ke ba mutum damar loda ƙunshin da yake kula da shi kafin ya zama cikakken mamba. A 2010 mambobi suka kaɗa ƙuri'a cewa wanda ba ya rubuta manhaja, kamar mai fassara da mai rubuta littafin jagora da mai shirya taro, shi ma yana iya zama mamba mai ƙuri'a. A 2020, lokacin da annobar korona ta hana haɗuwa, aka yarda mambobi su ba da shaida a kan makullin mutum bisa daɗewar aiki tare da shi, ko da ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Kowane ɗaya daga cikin gyare-gyaren nan ya yiwu ne saboda akwai rubutacciyar ƙa'idar da za a nuna da yatsa a ce ga inda ta gaza.

Wanda ke shakkar amfanin ƙofa ya dubi abin da ya faru da xz, wata ƙaramar manhajar matse bayanai da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai aiki da Linux. Shekaru da yawa mutum ɗaya ne ke kula da ita, Lasse Collin, a lokacin hutunsa, ba tare da albashi ba. A 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara aiko da gyare-gyare masu kyau. A 2022 wasu sunaye da ba a san su a ko'ina ba suka fara matsa wa Collin lamba, suna zarginsa da jan ƙafa, suna neman ya ba wani dama. Ya gaji, ga kuma mataimaki mai himma a gefe, sai a hankali ya miƙa masa makulli. A farkon 2024 Jia Tan ya fitar da sababbin sigogi guda biyu ɗauke da ɓarauniyar hanya da aka ɓoye da gwaninta, wadda za ta ba mai ita damar shiga kwamfutocin mutane daga nesa. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya lura cewa shiga wata kwamfutarsa na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya kamata, ya bi diddigi, ya sanar da duniya ranar 29 ga Maris, 2024. Duk tsawon wannan lokaci lasisin xz na 'yanci ne, rubutunta a buɗe yake. Abin da ta rasa shi ne wani na biyu da na uku da za su ce wane ne wannan, wa ya san shi, wa zai tsaya masa. Za a iya cewa ai ita ma Debian, da duk matakanta, ta karɓi gurɓatacciyar sigar. Haka ne, kuma wannan ya nuna cewa ƙofar gidanka ba ta tsare abin da ya shigo a cikin kayan da ka karɓo daga maƙwabci. Amma sigar ta tsaya ne a rassan gwaji, ba ta kai ga tabbatacciyar fitowar da akasarin jama'a ke amfani da ita ba, domin wata rubutacciyar ƙa'idar ta ce sabon abu sai ya jira. Jinkirin da ake yi wa Debian gori a kansa shi ya ba da sararin da aka gano cutar. Kuma laifin ba na Collin ba ne. Duniya ce ta ɗora wa mutum ɗaya kayan da ya kamata ƙungiya ta ɗauka.

Suka ta biyu ta fi ta farko kaifi. Masu ita na cewa lamarin fasaha ba a yanke shi da yawan hannu, kuma kundi da ƙuri'a suna jawo siyasa ne cikin wurin da ya kamata gwaninta ta yi magana. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce rikicin da ya kusa raba Debian a 2014, a kan wace manhaja ce za ta riƙa tayar da sauran manhajoji idan an kunna kwamfuta. Manyan 'yan takara biyu ne: systemd, wadda ma'aikatan kamfanin Red Hat suka ƙirƙiro, da upstart ta kamfanin Canonical mai Ubuntu. An kai magana gaban kwamitin fasaha, aka yi watanni ana muhawara, a watan Fabrairu ƙuri'a ta tsaya huɗu da huɗu, shugaban kwamitin, Bdale Garbee, ya raba gardama da ƙuri'arsa ya zaɓi systemd. Wutar ba ta mutu ba. A watan Nuwamba aka kai wani ɓangare na maganar gaban dukkan mambobi, mutum uku suka ajiye kujerunsu a kwamitin, har da Ian Jackson da ya tsara kundin, wani daɗaɗɗen mamba mai suna Joey Hess ya bar ƙungiyar, wasu kuma suka ɓalle suka kafa Devuan. Wannan asara ce ta gaske. Amma a auna ta da abin da ya biyo baya. Kwanaki kaɗan bayan hukuncin kwamitin, Mark Shuttleworth, mai kamfanin da manhajarsa ta sha kaye, ya sanar cewa Ubuntu ma za ta koma systemd. A watan Afrilun 2015 sabuwar Debian ta fito. Mambobi suka gyara kundin suka sa wa kujerun kwamitin wa'adi, domin kada mutane ɗaya su dawwama a kai. Kundin bai haifar da saɓanin ba. Saɓanin yana nan saboda mutane masu ilimi sun ga abu ɗaya ta fuskoki biyu. Abin da kundin ya yi shi ne ya ba rikicin ƙarshe, ya kuma ba wanda aka kayar dalilin haƙura, tunda ya san an ji shi, an ƙirga ƙuri'arsa, kuma hanya a buɗe take ya sake kawo maganar. An kuwa sake kawo ta a 2019, aka sake kaɗa ƙuri'a. Ko salon ƙuri'ar an zaɓe shi ne don wannan manufa: mamba ba ya zaɓen abu ɗaya, jera zaɓuɓɓukan yake yi daga wanda ya fi so zuwa wanda ya fi ƙi, a gwada kowane da kowane, don a samu wanda mafi yawan mutane za su iya zama da shi.

Suka ta uku tana nuna wata hanya daban. Me ya sa ba za a bar wa gwani ɗaya ragama ba? Ga Linux, wadda Linus Torvalds ke jagoranta tun 1991 ba tare da zaɓe ba, kuma babu manhajar da ta fi ta nasara. Dole a yarda cewa shugaba ɗaya mai basira yana yanke hukunci da sauri, yana kuma ba aiki fasali guda. Amma ko a Linux, abin da ke ƙasa da Torvalds tsari ne mai hawa-hawa: akwai rubutaccen jerin masu kula da kowane sashe, kuma tun 2004 kowane gyara sai ya zo da sa hannun wanda ya rubuta shi da na waɗanda ya bi ta hannunsu. Da Torvalds ya janye na wasu makonni a 2018, Greg Kroah-Hartman ya riƙe aikin, fitowar da ake shiri ta fito. Raunin shugaba ɗaya ba a ganin sa sai ranar da ya tashi, kuma Python ta nuna wannan ƙarara. Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya jagoranci wannan harshen rubuta manhaja tun fitowarsa a 1991, maganarsa ce ta ƙarshe a kan komai. A watan Yulin 2018, bayan wata zazzafar muhawara a kan ƙaramin sauyi a nahawun harshen, ya ajiye muƙamin, bai kuma naɗa magaji ba. Sai manyan masu aikin suka wayi gari ba su da hanyar yanke hukunci, ba su ma da hanyar da aka amince da ita ta zaɓen hanyar. Sun shafe watanni suna tsara shawarwari iri-iri, a watan Disamba suka zaɓi majalisa mai mutum biyar, a farkon 2019 aka zaɓi ta farko. A ƙa'idar da suka rubuta, sabon mamba sai ya sami biyu bisa uku na ƙuri'u, ana iya tsige majalisar, kuma ba a yarda fiye da mutum biyu daga kamfani ɗaya su zauna a cikinta ba. Python ta tsira domin tana da mutane masu hankali da suka daɗe tare. Amma abin da ta rubuta cikin watanni biyar na fargaba shi ne kusan abin da Debian ta rubuta shekaru ashirin kafin nan.

Suka ta huɗu ita ce ta masu cewa duk wannan wahalar banza ce, tunda lasisi ya ba kowa 'yancin ɓallewa. Idan shugabanni sun lalace, a kwashi rubutun manhajar a kafa sabon aiki. Wannan 'yanci yana da daraja, kuma shi ne ke sa shugaban buɗaɗɗiyar manhaja ya ji tsoron zalunci. Amma ana kwafar rubutu a cikin minti ɗaya, ba a kwafar suna da amana da mutane. Devuan, da aka sanar da ita a ƙarshen 2014, ba ta fitar da tabbatacciyar sigarta ta farko ba sai 2017. Misalin ɓallewar da ta yi nasara kuwa yana goyon bayan hujjar wannan babi ne. Bayan kamfanin Oracle ya sayi Sun a 2010, ya gaji manhajar ofis ta OpenOffice, masu aikin sa kai da yawa suka ga makomar aikinsu na hannun kamfani ɗaya. A watan Satumba na shekarar suka fice suka kafa LibreOffice. Abin lura shi ne, tare da sabon sunan suka sanar da gidauniya, wadda daga baya aka yi wa rajista a Jamus, mai mambobi da zaɓaɓɓiyar hukumar gudanarwa da kwamitin karɓar mambobi. Sun san abin da ya kore su, don haka shi suka fara gyarawa. Duk wanda ya ɓalle zai tarar da tambayoyin nan uku suna jiran sa a sabon wurin.

Labarin LibreOffice ya taɓo abin da a yau ya fi komai matsa wa waɗannan ƙungiyoyi, wato kuɗin kamfanoni. Manyan ayyuka da yawa yanzu ma'aikata masu albashi ne ke rubuta kaso mai yawa na cikinsu, kuma wannan alheri ne, domin aikin sa kai kaɗai ba zai ɗauki nauyin ba. Haɗarin shi ne mai biyan albashi ya zama mai yanke hukunci ba tare da kowa ya zaɓe shi ba. Gidauniyar Apache, da aka kafa a 1999, ta amsa wannan da ƙa'idar cewa mutum ake ba kujera, ba kamfani ba. Kamfani na iya ba da gudummawar kuɗi, amma ba ya sayen ƙuri'a. Mutum yakan fara a matsayin mai kawo gyara, waɗanda suka ga aikinsa su zaɓe shi ya sami makulli, daga nan ya shiga kwamitin da ke tafiyar da aikin, kuma idan ya sauya wurin aiki kujerarsa na bin sa. Ba a fitar da sabuwar siga sai aƙalla mutum uku na kwamitin sun amince, kuma wanda ya hau kujerar naƙi a kan wani gyara dole ya kawo dalili na fasaha. Wannan ba ya kawar da tasirin kuɗi, domin wanda ake biya ya yi aiki yini guda zai tara shaida fiye da wanda ke yi da dare bayan ya taso daga kasuwa. Amma yana tilasta wa tasirin ya bi ta ƙofar da kowa ke gani, a ƙirga shi, a iya yi masa iyaka kamar yadda Python ta yi.

Ba ana cewa duk mutum biyun da suka fara rubuta manhaja su zauna su tsara kundi mai babi goma ba. Tsari yana da tsada, yana cin lokaci, kuma idan ya fi aikin girma yakan kashe shi. Ko aikin gayya, idan mutum biyar ne a gona ba sa bukatar kowa ya tsara su, amma idan gari ya fito dole a san mai raba kunya da mai cewa a tashi. Ma'aunin shi ne yawan waɗanda suka dogara da aikin. Ranar da mutanen da ba ka sani ba suka fara girka abin da ka sa wa hannu, ranar ce amana ta hau kanka, kuma daga ranar bai halatta makulli ya zauna a hannu ɗaya ba, ko a miƙa shi ga wanda babu mai iya tsaya masa. Wannan ya shafi matasan ƙasar Hausa da ke haɗuwa yanzu suna rubuta manhaja ko fassara ta zuwa harshensu, kamar yadda ya shafi kowa. Farkon tafiya lokaci ne na zumunci, kuma a lokacin ne rubuta ƙa'ida ke da sauƙi, domin babu wanda ya san ko shi za ta kama gobe, saboda haka kowa zai so ta yi adalci. Shafi ɗaya ya isa: yadda ake zama mamba, yadda ake raba gardama, yadda shugaba ke sauka. Idan aka jira sai kuɗi sun shigo ko rai ya ɓaci, kowace ƙa'ida da aka kawo za a karanta ta a matsayin makamin wani ɓangare, kuma a lokacin ko mai gaskiya ba za a saurare shi ba.